Levodopa, wai "maganin ƙarshe"

Duk shekara idan ranar cutar Parkinson ta zagayo, 11 ga Afrilu, sai sunan levodopa ya cika rediyo da Facebook. Kuma kusan kullum da laƙabin da ke ɓata min rai ake ambatonsa, wai "maganin ƙarshe", wanda ba a farawa sai ciwo ya ci ƙarfin mutum, don in jiki ya saba da shi sai ya daina aiki.

Levodopa sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke juyawa ya koma dofamin, wanda shi ne ke ƙaranci idan Parkinson ta kama mutum, har jiki ya sandare, tafiya ta yi nauyi, hannu ya riƙa karkarwa. Dofamin kansa in an sha ba ya iya ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, levodopa kuwa yana ratsawa. Ana haɗa shi da carbidopa, kamar a Sinemet, ko benserazide, kamar a Madopar, don kada ya juye tun a hanya ya jawo tashin zuciya. Tun 1967 da wani likita mai suna George Cotzias ya nuna ƙarfinsa, ba a samu ƙwayar da ta fi shi sassauta alamomin cutar ba.

Tsoron yana da tushe. Bayan wasu shekaru, ƙarfin maganin kan sauka kafin lokacin shan na gaba, wasu kuma jikinsu ya riƙa murɗawa ba da son ransu ba. Sai aka ɗora wa maganin laifi. To amma Gana ta ba da amsa. A binciken da aka wallafa a 2014, an kwatanta marasa lafiya na Gana, waɗanda rashin magani ya sa suka fara shan levodopa a makare, da na Italiya da suka fara da wuri. Jinkirin bai kare mutanen Gana ba. Matsalolin sun bi tsawon shekarun ciwon da yawan abin da ake sha a rana, ba su bi daɗewar shan maganin ba. Wanda aka hana shi da sunan tanadi, shekarun da zai iya ɗaura alwala da kansa, ya taka zuwa kasuwa, su aka cinye masa a banza.

Sauran magungunan suna da gurbinsu. Pramipexole da ropinirole suna kwaikwayon dofamin ne, ana kuma ba masu ƙananan shekaru, sai dai suna kawo barci da rana, wasu kuma su faɗa caca ko ɓarnar kuɗi, iyali su ɗauka lalacewar hali ce. Selegiline da rasagiline sun fi sauƙin sha, ƙarfinsu kaɗan ne.

Wanda ya fi damuna shi ne benzhexol, wato Artane, ko Exol ɗin nan da matasa ke sha don maye. Araha gare shi, ga shi a kowane kemis, alhali levodopa na da tsada da wuyar samu a Najeriya. Yana rage karkarwa, amma tsoho yakan rikice a kansa, ya yi ta mantuwa da gane-gane, fitsari ya riƙe.

Babu ɗaya cikinsu da ke warkar da cutar ko tsayar da ita. Wani bincike mai suna LEAP na ƙasar Holan a 2019 ya nuna levodopa ba ya rage mata gudu, ba ya kuma ƙara mata. Kuma wanda ya riga ya fara, kada ya yanke shi dare ɗaya ba da sanin likita ba, domin hakan na iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewar jiki har a rasa rai.