Waiwaye: Ahijo yana kwance a Dakar, labarinsa yana bakin tsofaffin Garwa

A Unguwar Hausawa ta Garwa, in hirar bayan la'asar ta yi nisa har sunan Ahmadu Ahijo ya faɗo ciki, kusan kullum wuri ɗaya take tsayawa: yaushe za a dawo da gawarsa? Ni ma ina yin wannan tambaya. Mutumin da aka haifa a garin nan ranar 24 ga Agustan 1924, ya zama firaminista a 1958, ya shugabanci Kamaru daga 1960 zuwa 1982, yau yana kwance a maƙabartar Yoff da ke Dakar. Sai dai na daɗe ina ganin maganar kabari ta danne wadda ta fi ta gaggawa, wato wa zai tattara tarihin zamaninsa tun waɗanda suka gani da idonsu suna da rai.

Shirun da ake yi a kansa yana da asali. Ranar 4 ga Nuwamban 1982 Ahijo ya sanar da murabus, bayan kwana biyu aka rantsar da Paul Biya. Ahijo ya bar kujerar ƙasa amma ya riƙe ta jam'iyya mai mulki, UNC, kuma sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Kafin shekara ta zagayo an ɓata. A Yulin 1983 ya fita ƙasar, a watan Agusta aka raba tsohon lardin Arewa gida uku, a Fabrairun 1984 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Sannan ga 6 ga Afrilun 1984, ranar da wasu dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa suka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde. Yunƙurin ya rushe, kame da kisan da suka biyo baya kuwa 'yan Arewa suka fi shafa.

Kawuna, tsohon direban babbar mota ne, ya ba ni labarin makonnin nan. Ya ce da daddare ya ciro hoton Ahijo daga bangon zaure, ya haɗa da katin jam'iyya da wasu wasiƙu, ya tura su cikin murhu, matarsa tana ƙara ice don kada maƙwabta su ji warin takarda. Abu ɗaya ya kasa ƙonawa, tsohuwar takardar kuɗi mai hoton mutumin, har yau tana naɗe cikin leda a ƙasan adakarsa. Na ce, "Kawu, me kuka yi da za a kama ku?" Ya ce, "Ɗana, a lokacin ba sai ka yi komai ba." Gida nawa aka yi irin wannan ƙonawa tsakanin Ngaundare da Kuseri? Abin da wuta ta bari kuma, gara da damina suna cinsa a hankali.

Ahijo ya rasu ranar 30 ga Nuwamban 1989. A Disamban 1991 aka yi dokar da ta wanke sunansa, tare da na mutanen da mulkinsa ya yaƙa, irin su Ernest Ouandié, jagoran 'yan tawayen UPC, jam'iyyar da ta yi fafutukar 'yancin Kamaru. Ɗaya daga cikin manyan filayen ƙwallon Yawunde yana ɗauke da sunan Ahijo. A 2007 Biya ya shaida wa tashar France 24 cewa dawo da gawar lamari ne na iyali. Iyalin kuma suna ganin tsohon shugaban ƙasa hakkin ƙasa ne ta dawo da shi cikin girmamawa. A haka uwargidansa Germaine ta rasu a Afrilun 2021, aka binne ta kusa da shi.

To, da ba a zauna an yi nazari ba, kowa sai ya riƙe ɓarin da ya yi masa daɗi. A Garwa za a lissafa maka layin dogo da ya iso Ngaundare a 1974, da kamfanin auduga na Sodecoton, da madatsar Lagdo a kan Binuwai, duk gaskiya ne. A Bafusam kuwa za a nuna maka inda aka harbe Ouandié a bainar jama'a ranar 15 ga Janairun 1971. Za a tuna maka da fursunoni 25 da suka mutu saboda rashin iska a cikin taragon jirgin ƙasa tsakanin Duwala da Yawunde a Fabrairun 1962, da dokar hana "zagon ƙasa" ta wannan shekara wadda ta rufe bakin kowa. Wannan ma gaskiya ne. Kurkukun Cholire, inda aka jibge 'yan siyasa, a ƙasarmu ta Arewa yake, ba mu da damar cewa ba mu ji ba.

Akwai kuma babin da ya shafe mu Hausawa kai tsaye: ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961. Kudancin Kamarun Ingila ya zaɓi haɗewa da mu, Arewacinsa, su Mubi da Ganye da Dikwa, ya zaɓi Nijeriya, ya koma lardin Sardauna. Abin ya yi wa Ahijo ciwo har ya ayyana 1 ga Yuni ranar makoki, ya kai ƙara Kotun Duniya, wadda a Disamban 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan asalin maganar. 'Yan kasuwa da malamai da mahauta da yawa sun wayi gari dangi rabi nan rabi can. Labarin yadda suka ji da wannan iyaka a bakinsu yake, da Hausa da Fulatanci, ba a cikin rahoton wani gwamna ba.

Yadda wasu suka yi da nasu shugabannin abin dubawa ne. A garin Springfield na jihar Illinois a Amurka, an kafa wata ƙungiya a 1908 don bikin cika shekara 100 da haihuwar Abraham Lincoln. Da farko liyafa ce kawai da jawaban yabo, liyafar 1909 ma ba a gayyaci baƙar fata ba, a bikin mutumin da ya sa hannu a shelar 'yanta bayi. Sai a shekarun 1920 ta juya akala, ta ɗauki masana tarihi irin su Paul Angle suna gudanar da aikinta, suka shiga bin kotuna da gidaje suna neman duk abin da Lincoln ya rubuta da hannunsa. A 1953 suka fitar da rubuce-rubucen nasa a jerin mujalladai ƙarƙashin Roy Basler. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ba ta neman riba, da kuɗin membobi da gudummawa take tafiya. Abin da ya ba ta daraja shi ne ta daina kirari ta koma tattara hujja.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Gidan Arewa da ke Kaduna, a tsohon gidan Sardauna, tun 1970 yake wannan aiki, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarsa. Mu ma muna da gado: marigayi Eldridge Mohammadou ya shafe shekaru yana bin fadojin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, yana ɗaukar tarihin baka. Yanzu kuma ga jami'a a Ngaundare tun 1993, ga ta Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022. Kwamitin masana na Kamaru da Faransa da Karine Ramondy ta jagoranta ya miƙa rahotonsa a Janairun 2025 kan rawar Faransa a yaƙin da aka yi da 'yan UPC daga 1945 zuwa 1971, ya nuna cewa ana iya buɗe akwatunan da aka ce ba sa buɗuwa. Amma gwamnatoci biyu ne suka kafa shi, kuma Faransa ya sa a gaba, ba mu ba.

Shi ya sa nake ganin duk ƙungiyar da za ta ɗauki sunan Ahijo, malaman tarihi ne ya kamata su riƙe ragamarta. A girmama iyali, a nemi takardunsu, amma kada su zama masu tace abin da za a buga. Kada jam'iyya ta ba da ofis, don wanda ya ba ka inuwa shi zai faɗa maka inda za ka shimfiɗa tabarma. A zaunar da ɗan wanda aka ɗaure a Cholire kusa da ɗan wanda ya yi minista. Aikin farko ma ba ya cin kuɗi sosai: na'urar ɗaukar murya, ɗaliban da ke jin Fulatanci da Hausa da Faransanci, da ɗaki busasshe mai akwatunan ƙarfe.

Ni dai na fara da Kawu. Sau uku na zauna da shi a zaure, wayata a kan tabarma tsakaninmu. Ya ba ni labarin hanyar Ngaundare kafin kwalta, da ranar da Ahijo ya zo sallar idi Garwa. Da na tambaye shi wani abokinsa da aka tafi da shi a 1984, sai ya dubi wayar ya ce, "Kashe wannan abin tukuna." Na kashe. Ya yi magana kusan awa guda, ya ce in an samu inda za a ajiye ta da amana, in dawo ya maimaita.