Gyambon Dabbobi da Yauƙin Ƙwayoyin Cuta

Gyambo shi ne mikin da ya ƙi warkewa a lokacin da ya kamata, ya yi makonni ko watanni yana ruwa da wari ba tare da ya rufe ba. A Jihar Kebbi an fi ganinsa a jikin dabbobin aiki: wuyan shanun huɗa inda karkiya take goga, gadon bayan jaki a ƙarƙashin akumari, da ƙafar doki inda dabaibayi ya ci. Mikin da zai warke yakan bi hanyarsa daki-daki, jini ya daskare, wurin ya kumbura na 'yan kwanaki, jan nama ya tsiro daga ƙasa, sannan fata ta taso daga gefe ta rufe shi. Gyambo kuwa a matakin kumburin yake maƙalewa.

Abubuwan da suke tsayar da shi sanannu ne. Akwai fami, domin dabbar da ake ɗora wa kaya kullum a kan mikinta ba ta da damar warkewa. Akwai rama da ƙarancin abinci a ƙarshen rani, da ƙaya ko tsinken da ya karye a ciki, da ƙudan da suke yin ƙwai a bakin miki har tsutsa ta shiga nama. Laimar damina a fadamun Argungu da Birnin Kebbi tana ƙara wa abin ƙarfi, saboda fatar da ta yini a jiƙe ba ta da wuyar tsagewa. Sai dai a bayan duk waɗannan akwai wani dalili da ido bai cika gani ba, wato yauƙin ƙwayoyin cuta, wanda masana suke kira bayofim.

Ƙwayoyin bakteriya ba kullum suke yawo ɗai-ɗai ba. Idan suka samu wuri mai laima da mataccen nama, sukan manne, su hayayyafa, su fitar da wani yauƙi mai ɗauke da sinadaran sukari da furotin su lulluɓe kansu da shi. Tun a 1683 Antonie van Leeuwenhoek, mutumin ƙasar Holan, ya hango irin wannan taron ƙwayoyi a dattin haƙori da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa da ya ƙera, amma sai daga 1978 ne binciken J. William Costerton na Kanada da abokan aikinsa ya sa aka soma ɗaukar lamarin da muhimmanci. Daga cikin ƙwayoyin da aka fi samu a gyambo akwai Staphylococcus aureus da Pseudomonas aeruginosa, wadda takan sa ruwan miki ya yi kore-kore.

A cikin yauƙin nan ƙwayoyin suna samun kariya iri biyu. Sojojin jini ba sa iya cinye su, sai su yi ta zuba sinadaransu a wurin, su lalata sabon naman da yake ƙoƙarin tsirowa. Sa'annan ƙwayoyin da suke can ƙasa kusan barci suke yi, alhali yawancin magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun fi kama wadda take tsakiyar hayayyafa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙwayar da take cikin yauƙi tana iya jure magani ninki ɗari, wani lokaci har dubu, fiye da 'yar'uwarta da take yawo. Shi ya sa makiyayi zai yi wa bijimi allura kwana biyar, miki ya ɗan bushe, bayan mako guda ya dawo yadda yake. Lamarin kamar gansakukar cikin randa ne, wadda sauya ruwa ba ya fitar da ita sai an sa hannu an kankare.

Don haka tushen magani shi ne kankarewa. Likitan dabbobi yakan aske gashin da yake kewaye, ya kashe zafin wurin ko ya sa wa dabbar maganin da zai kwantar da ita, sannan ya cire mataccen nama da yauƙin da ya kwanta fari-fari ko rawaya-rawaya, har sai ya isa jan nama mai ɗan tsattsafo da jini. Daga nan a wanke da ruwan gishiri mai yawa, giram 9 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ana fesa shi da sirinji. Yauƙin yakan sake haɗuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku, saboda haka wanki ɗaya ba ya wadatarwa, kuma a wannan ɗan tsakanin ne magani ya fi cin ƙwayoyin. Aidin da aka tsinka da ruwa sosai yana da amfani, mai kauri kuwa ƙona sabon nama yake yi. Zuma mai tsabta ma an tabbatar da aikinta, domin tana zuƙe ruwan da ƙwayoyi suke bukata, tana da ɗan tsami, kuma tana fitar da sinadarin da yake kashe su, amma dole a rufe ta da bandeji saboda ƙuda da tururuwa. Allura tana da gurbinta idan kumburi ya bazu ko zazzaɓi ya kama dabbar, kuma a nan wajibi ne a kiyaye kwanakin da aka ƙayyade kafin a sha nononta ko a ci namanta.

Abin takaici ne yadda har yanzu ake zuba wa miki baƙin mai, ko ruwan batir, ko a fasa kafso a barbaɗa. Baƙin mai yana korar ƙuda, amma yana kashe naman da ake jira ya tsiro, garin kafso kuma yakan koya wa ƙwayoyin jure magani.

Doki da jaki suna bukatar kulawa ta daban. Mikin ƙasan ƙafar doki yakan tsiro da nama fiye da kima, ya tudu sama da fata ya hana ta rufewa, sai an yanke shi an daidaita. Su biyun kuma cutar sarƙe-haƙora tana saurin kama su ta miki mai zurfi, don haka ana yi musu rigakafinta. Idan gyambo ya ƙi duk wannan, ko ya bazu da ɓawo mai kauri irin na kirci, a kai dabbar asibitin dabbobi a ɗebi samfur a auna, kuma kada a mayar mata da karkiya ko akumari sai fata ta rufe an kuma gyara wurin da yake goga.