Ko an ɗaure yaro a Landan don kawai yana wurin da aka yi harbi? Fashin baƙi kan dokar tarayya a laifi

Duk lokacin da aka yi harbi a wata unguwa ta Landan, kotu kuma ta ɗaure samari huɗu ko biyar alhali bindiga ɗaya ce ta tashi, maganganu biyu ne ke zagawa a wayoyin iyaye 'yan Afirka mazauna birnin. Wasu na cewa a Ingila abokin ɓarawo ɓarawo ne, ko tsayuwa yaronka ya yi a bakin titi aka harbi wani, ɗaurin rai da rai ya hau kansa. Wasu kuma na kwantar wa mutane da hankali, wai ai tun 2016 Kotun Ƙoli ta soke wannan doka, wanda ya ja kunamar bindiga shi kaɗai ake kamawa. Duka biyun ba daidai ba ne, kuma ta biyun ta fi haɗari, domin ita ce ke sa yaro ya shiga motar da bai kamata ya shiga ba.

Abin da ake magana a kai shi ne ƙa'idar da lauyoyin Ingila ke kira joint enterprise, wato tarayya a laifi. Tushenta a rubuce gajere ne ƙwarai. Sashe na 8 na wata doka ta 1861 ya ce wanda ya taimaka, ko ya zuga, ko ya ba da shawara, ko ya sa aka aikata laifi, za a yi masa shari'a a hukunta shi tamkar shi ya aikata. Sauran bayanin duk alƙalai ne suka gina shi a hankali ta hanyar hukunce-hukuncensu. Ƙa'idar tana aiki a Ingila da Wales a kan duk wanda ya kai shekara 10, ɗan ƙasa ne ko baƙo.

Asalin tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗaliban fiƙihu sun san hukuncin Sayyadina Umar a kan mutanen da suka haɗa baki suka kashe mutum guda a San'a, inda ya zartar da ƙisasi a kansu gaba ɗaya. Kundin laifuffuka na Arewacin Najeriya ma yana da sashen da ya ce idan jama'a suka aikata laifi da manufa guda, kowannensu ya ɗauki laifin cikakke. Rigimar da ake yi a Ingila ba a kan wannan take ba. A kan yadda ake tabbatar da cewa an haɗa bakin take.

Mu ɗauki jita-jita ta farko. A takarda, tsayuwa a wurin da aka yi kisa ba laifi ba ce. Kotunan Ingila sun daɗe da faɗin haka, Kotun Ƙoli ta sake nanatawa a 2016. Abota da mai laifi ba laifi ba ce, zama unguwa ɗaya da shi ma haka. Sai mai gabatar da ƙara ya nuna abu biyu: cewa wanda ake tuhuma ya taimaka ko ya ƙarfafa gwiwa, da kuma cewa ya yi hakan da niyya. A shari'ar kisan kai, niyyar ita ce a kashe mutum ko a yi masa mummunan rauni.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Taimako ba sai ka riƙe bindiga ba. A ce samari huɗu sun shiga mota da daddare sun nufi unguwar abokan gabarsu. Ɗaya na tuƙi, ɗaya ya buga waya ya gano inda wanda ake nema yake, ɗaya ya sauka ya yi harbi, na huɗun yana kujerar baya, fuska a rufe, bai ce uffan ba. Direba da mai waya, maganarsu a fili take. Na kujerar baya shi ne abin tattaunawa. Lauyansa zai ce rakiya kawai ya yi. Mai gabatar da ƙara zai ce zamansa a motar ƙarin ƙarfi ne ga mai harbi, domin mutum huɗu sun fi mutum ɗaya ƙarfin hali, kuma mai rakiya ba ya rufe fuska ya bar wayarsa a gida. Mutum goma sha biyun da ake zaɓowa cikin jama'a su saurari shari'a, su ne za su yanke wanne suka yarda da shi. Saboda haka tsayuwa ita kaɗai ba ta ɗaure mutum, amma tana iya zama hujjar ƙarfafa gwiwa.

Wanda kuma ya shiga shirin sannan ya canza ra'ayi, janyewa a zuci ba ta wadatar ba. Kotu na duba ko ya janye da wuri kuma ya bayyana wa sauran cewa ya fita. Gudu bayan an fara harbi ba janyewa ba ne.

Sai batun 2016, wanda ya fi rikita mutane. A 1984, cikin wata shari'a da ta taso daga Hong Kong mai suna Chan Wing-Siu, alƙalai a Landan suka shimfiɗa wata ƙa'ida: idan kun fita aikata wani laifi tare, kai kuma ka hango cewa mai yiwuwa abokinka ya yi kisa, ka ci gaba da binsa, to kai ma mai kisan kai ne. Hange kawai ya isa. Abin da ya biyo baya abin mamaki ne, domin wanda ya yi kisan da hannunsa sai an tabbatar da niyyarsa, amma na gefe an sauƙaƙa hanyar kama shi. Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara 30.

Ranar 18 ga Fabrairu 2016, a shari'ar Ameen Jogee, Kotun Ƙoli ta ce an kauce hanya tun 1984. Jogee yana waje a ƙofar wani gida a Leicester a 2011 lokacin da abokinsa ya daɓa wa wani mutum wuƙa a ciki. Kotun ta ce hange ba niyya ba ne, sai dai hujja ce da za a iya dogara da ita a gano niyya. Wannan kaɗai aka gyara. Ba a taɓa dokar 1861 ba, ba a kuma ce mai taimako ya tsira ba. Shi kansa Jogee da aka sake shari'arsa, an wanke shi daga kisan kai amma an same shi da kisa ba da niyya ba, aka ɗaure shi shekara 12. Kotun ta kuma amince da niyya mai sharaɗi, wato ka fita da shirin cewa in ta kama a yi harbi, a yi. Masu gabatar da ƙara sun riƙe wannan da kyau.

Iyalan waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashin tsohuwar ƙa'ida sun ɗauka ƙofar gidan yari za ta buɗe. Ba ta buɗe ba. A ƙarshen 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wanda wa'adin ɗaukaka ƙararsa ya wuce sai ya nuna an yi masa babban zalunci, a aikace ya nuna cewa da an bi sabuwar ƙa'ida da wuya a same shi da laifin. Rukunin farko da suka gwada duk sun faɗi. Sanannen wanda ya yi nasara shi ne John Crilly a 2018, mutumin da daga baya aka gani yana tunkarar ɗan ta'adda da tukunyar kashe gobara a gadar Landan a Nuwamba 2019. Kotu ta yarda an yi kuskure na shekara 30, amma ta ɗora wa fursuna nauyin tabbatar da cewa kuskuren ya cuce shi. Ni dai ban ga adalcin wannan ba.

Akwai wata shari'a da ya kamata duk mai tunanin "ai ni ba harsashina ba ne" ya sani. A Oktoba 2007, a New Cross da ke kudancin Landan, wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Armel Gnango ya yi musayar wuta da wani mai ɗaure da ƙyalle a fuska, a wurin ajiye motoci. Magda Pniewska, 'yar ƙasar Poland mai shekara 26, ta taso daga aikinta na kula da tsofaffi tana waya da 'yar'uwarta, harsashi ya same ta a ka. Bincike ya nuna harsashin na mai ƙyallen ne, wato mutumin da ke ƙoƙarin kashe Gnango. Duk da haka Gnango aka ɗaure da laifin kisanta, kuma a Disamba 2011 Kotun Ƙoli ta tabbatar. Hujjarta ita ce wanda ya amince a yi artabu da bindiga a bainar jama'a, ya ɗauki alhakin duk wanda ya faɗi.

Hukuncin shi ne ya sa wannan magana ta yi nauyi. Kisan kai a Ingila hukunci ɗaya gare shi, ɗaurin rai da rai, alƙali ba shi da zaɓi. Abin da yake yankewa shi ne mafi ƙarancin shekarun da za a yi kafin a fara duba yiwuwar saki. Ga baligi, idan da bindiga aka yi kisan, daga shekara 30 ake fara lissafi. Idan wuƙa ce da aka ɗauko aka zo da ita wurin, 25. Tun 2022 aka ɗaga na yara ma: ɗan shekara 17 a kisan bindiga daga 27 ake farawa. Mutane na rikita wannan da sauran hukunce-hukunce inda fursuna ke fita bayan ya yi wani kaso. Nan babu ragi. Shekara 30 shekara 30 ce cur, sannan hukumar sakin fursunoni ta duba, tana iya ƙi. Wanda aka sake shi kuma yana ƙarƙashin sharaɗi har mutuwarsa, ana iya mayar da shi.

Gaskiya ne alƙali na iya rage wa wanda rawarsa ƙarama ce. Amma daga sama ake saukowa, kuma sunan laifin bai canza ba. Yaron kujerar baya mai shekara 19 zai iya fitowa da furfura.

Ta yaya ake karanta niyyar da ke cikin zuciyar yaro? Da bayanan waya da ke nuna inda yake a wane lokaci, da hotunan kyamarorin titi, da saƙonnin da ya tura, har da bidiyon waƙoƙin drill (wani salon gambarar zamani ta samari) da ya fito a ciki yana nuna alama da yatsu. Sannan ɗan sanda ya tsaya a kotu a matsayin masani ya ce wannan gungun 'yan daba ne, suna gaba da wancan. Da zarar wannan suna ya manne, abin da ke iya zama tarayyar yaran unguwa sai ya koma shiri. A nan ne tsoron iyaye ke da tushe.

Bayan tarzomar 2011, wadda ta biyo bayan harbe Mark Duggan da 'yan sanda suka yi a Tottenham, rundunar 'yan sandan Landan ta buɗe rajistar waɗanda take zargi da zama 'yan daba a 2012. Rahoton Amnesty na 2018 ya nuna sunaye 3,806 a ciki, kashi 78 cikin ɗari baƙaƙen fata. Hukumar kare bayanan jama'a ta ce an karya doka wajen sarrafa rajistar. An cire sunaye fiye da dubu a 2022, aka rufe ta a Fabrairu 2024. Haka nan da hukumar gabatar da ƙara ta yi gwajin ƙirga shari'o'in tarayya a laifi a yankuna shida a 2023, kimanin kashi 30 cikin ɗari na waɗanda ake tuhuma baƙaƙe ne, alhali baƙaƙe kimanin kashi 4 ne na jama'ar ƙasar.

Masu kare dokar ma suna da abin faɗa, kuma ba shirme ba ne. Idan mutum biyar suka rufe fuska suka far wa guda, kowa ya yi gum, ba a san hannun wa ba, shin duk su tafi gida? Da wannan ƙa'ida aka ɗaure mutum biyu a 2012 kan kisan Stephen Lawrence, baƙar fatar da gungun farare suka kashe a Eltham a 1993. Iyayen da ke binne 'ya'yansu sakamakon harbin 'yan daba kuwa, da yawansu daga unguwannin nan suke. Abin da masu neman gyara ke cewa, irin su ƙungiyar iyalai ta JENGbA, shi ne a sa sharaɗin cewa sai gudummawar mutum ta kasance mai tasiri kafin a kira shi mai kisa. 'Yar majalisa Kim Johnson ta kai ƙudiri kan haka, aka tattauna shi a Fabrairu 2024, bai zama doka ba.

Akwai wani tarko na daban da ya fi kama mata da ƙanne, kuma ba ya buƙatar a yi harbi ko kaɗan. Tun 1997 aka haramta ƙananan bindigogi a Birtaniya. Wanda aka samu da haramtacciyar bindiga, mafi ƙarancin ɗaurinsa shekara 5 idan ya kai 18, shekara 3 idan yana 16 ko 17, sai fa in alƙali ya ga wani dalili na musamman, abin da ba kasafai ake samu ba. "Ajiya aka ba ni" ba kariya ba ce. Jakar da saurayi ya ce a ɗan ajiye masa a ƙarƙashin gado, wadda ta karɓa ce za ta amsa. Baligin kuma da ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, ɗaurin wata 12 ko fiye yana jawo shirin mayar da shi ƙasarsa a ƙarƙashin wata doka ta 2007, ko da tun yana ƙarami aka kawo shi, sai dai ya yi nasarar ƙalubalantar hakan a kotu.

Idan an kama yaro, yana da haƙƙin lauya kyauta a ofishin 'yan sanda, komai dare. Wanda bai kai 18 ba kuma dole a samu wani babba ya zauna tare da shi lokacin tambayoyi. Iyaye da yawa na matsa wa yaro ya yi bayani nan take don a ga ba shi da laifi, wasu kuma abokai na ce masa ya ja bakinsa ya yi shiru. Kowanne na da illa, domin wata doka ta 1994 ta ba kotu damar yi wa mutum mummunar fassara idan ya ɓoye a ofishin 'yan sanda abin da daga baya ya zo yana kare kansa da shi. Wannan shawara ce da lauya zai yanke bayan ya ga abin da 'yan sanda ke riƙe da shi, kuma yaron na da damar ya ce ba zai amsa komai ba sai lauyan ya iso.