Ƙungiyoyin ƙwadago na masu renon yara a gida a Amurka

Masu renon yara a gida mutane ne, galibinsu mata, da ke kula da 'ya'yan wasu a cikin gidajensu yayin da iyayen ke wurin aiki. A Amurka gwamnatin jiha ce ke biyan kuɗin renon 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, wani ɓangare daga asusun da gwamnatin tarayya ta kafa a 1990.

Matsayinsu a doka

Doka tana ɗaukar waɗannan mata a matsayin masu zaman kansu, don haka dokar ƙwadago ta ƙasa ta 1935, wadda ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, ba ta shafe su ba. Amma jiha ce ke yanke kuɗin da za a biya kan kowane yaro, kuma ba kasafai kuɗin ke isa ba. Shi ya sa sai gwamna ya ba da umarni, ko majalisar jiha ta yi doka, kafin su iya zama teburi ɗaya da gwamnati a ƙungiyance.

Tarihi

Jihar Illinois ce ta buɗe ƙofa. A 2005 Gwamna Rod Blagojevich ya ba da umarnin amincewa da haƙƙinsu, masu reno kusan 49,000 suka shiga ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan hidima, SEIU. Yarjejeniyar farko ta kawo ƙarin kuɗi na kimanin kashi 35 cikin ɗari a tsawon shekara uku da 'yan watanni, da tanadin inshorar lafiya, abin da da yawansu ba su taɓa samu ba duk da shekarun da suka yi suna ɗawainiyar 'ya'yan jama'a. Jihohin Oregon da Washington suka bi sahu, a 2007 kuma Gwamna Eliot Spitzer ya yi haka a New York.

Ba ko'ina tafiyar ta yi nisa ba. A Michigan an soke tsarin a 2011. A Minnesota kotu ta dakatar da umarnin Gwamna Mark Dayton na 2011, majalisa ta yi doka a 2013, amma da aka kaɗa ƙuri'a a 2016 masu renon da kansu suka ƙi ƙungiyar.

California ta makara, domin gwamnoni sun sha ƙin sa hannu kan dokar ba su wannan haƙƙi kafin Gavin Newsom ya amince a 2019. A 2020 masu reno suka zaɓi ƙungiyar Child Care Providers United da rinjaye mai yawa, daga baya suka samu asusun lafiya da na ritaya.

Taƙaddama

Masu adawa na cewa bai dace a cire kuɗin ƙungiya daga tallafin yara ba. A shari'ar Harris da Quinn ta 2014, wadda ta shafi masu kula da marasa lafiya da naƙasassu a gida, Kotun Ƙoli ta yanke da alƙalai 5 kan 4 cewa ba za a tilasta wa wanda ba mamba ba biyan kuɗin ƙungiya, hukuncin kuma ya shafi masu renon yara.