Ruwan zafi ba ya wanke maiƙo daga bututu

Da yawa sun ɗauka in aka juye ragowar mai a sinkin kicin aka bi shi da tafasasshen ruwa, shi ke nan ya wuce. Ya dai wuce inda ido ke gani. Kafin ruwan ya yi nisa ya huce, man ya daskare a jikin bututu, musamman a gwiwa, wato inda bututun ya lanƙwasa, kamar yadda manja ke sandarewa a kwalba da hunturu. Sai ƙwayar shinkafa da ɓarɓashin tuwo su riƙa maƙalewa a kai, hanya ta yi ta tsukewa, wata rana ruwa ya tsaya cak, ga wari.

Tafasasshen ruwan ma da tasa ɓarnar. Bututun roba na PVC an yi shi ne don zafin da bai wuce digiri 60 ba, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Yau da gobe mahaɗa ta saki, yoyo ya fara.

Gara a juye man a gwangwani, a goge tukunya da takarda kafin wanki, a sa 'yar rariya a bakin sinkin. Ruwa na fara jinkirin tafiya, a kwance gwiwar da ke ƙarƙashi a wanke.