Masu gyaran jirgin ƙasa: wane aiki suke yi a ƙarƙashin tarago?

Fasinja ya san direba, ya san mai duba tikiti. Amma mutumin da ya kwana a loko, wato wurin ajiye jirage da gyara su, hannu duk giris, don jirgin safe ya tashi lafiya, da wuya a san da shi.

Shin makanikin jirgi ba ɗaya yake da na mota ba?

Akwai kama, amma akwai rata. Mota in ta lalace sai a gangara gefen titi. Jirgi ba shi da gefen da zai gangara. In ya tsaya, ya tare layin ga duk na bayansa. Shi ya sa mafi yawan aikinsu dubawa ce tun kafin abu ya ɓaci. Wasu kan jirgi, wato injin da ke jan taragu, suka ƙware a kai, wasu taragu, wato ƙafafu, birki, ƙofofi da ƙarfen da ke haɗa tarago da tarago.

Me ya sa ake ganin wani da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi a tasha?

Sauraro yake yi. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa da ƙara garau kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ka ji sautin ya mutu, irin na fasasshiyar tukunya. Yana wucewa kuma yana kai bayan hannu kusa da boris. In ya ji zafi ya yi yawa, giris ya ƙare ko boris ya fara ci, kuma irin wannan zafin kan iya karya sandar da ke riƙe ƙafafun, jirgi ya sauka daga layi. Yau akwai na'urorin da ke gano tsaga a cikin ƙarfe, amma ni dai ban ga dalilin raina kunnen tsohon ma'aikaci ba.

Ita kanta ƙafar ba a miƙe fuskarta take ba, an ɗan zurmar da ita gefe guda, wannan ne ke taimaka mata bin kwana. In birki ya kama ta ta ja a kan dogo, sai wuri ɗaya ya shafe, ka riƙa jin ƙwas-ƙwas duk juyi. Maganinsa a ɗora ta a injin fiƙe ƙarfe a dawo mata da siffarta.

Yaya birkin yake aiki?

Da iska. Bututu ɗaya ne ya ratsa daga kan jirgi har taragon ƙarshe, cike da matsattsiyar iska. Hikimar George Westinghouse, Ba'amurken da ya fito da tsarin, ita ce raguwar iskar ce ke sa birki ya kama. Don haka ko tarago ya tsinke a hanya, bututu ya yanke, da kansa zai tsaya. Kafin a tashi sai an gwada an tabbata birki ya kama har wutsiya, domin jirgin kaya mai nauyi kan ci fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya.

Kan jirgin fa?

Injin dizal ne ke juya janareto, wutar ta tuƙa ƙafafu. Dole makanikinsa ya san inji, ya san lantarki. A Arewa ƙurar hunturu na saurin toshe masa filta.

Ina ake manyan gyare-gyare a Najeriya?

Hukumar jiragen ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta gaji manyan wuraren gyara a Ebute Metta ta Legas, da Inugu, da Zariya. An gina su ne don tsohon layi mai faɗin milimita 1,067, irin wanda ya iso Kano a 1911. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa 1,435 ne, taragonsa ba zai hau tsohon layi ba, don haka a Idu ta Abuja ake kula da jiragensa.

Akwai haɗari a aikin?

Sosai. Mafi muni shi ne tarago ya motsa mutum yana ƙarƙashi ko tsakanin taragu biyu. Ba a shiga sai an ɗaure birkin hannu, an sa waigi a ƙafa, an kafa alamar da ke hana kowa taɓa jirgin har sai wanda ya kafa ta ya fito ya cire da hannunsa.