Rabuwa ba saura: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi idan aka ce lamba ta rabu da wata?

Ana nufin an raba, kowane kaso ya zo daidai, babu ragowa, kuma ba a gutsura komai ba. 36 ta rabu da 4, domin 4 sau 9 shi ne 36. Amma dubi Jihar Katsina: ƙananan hukumomi 34 ne, shiyyoyin sanata 3. To 3 sau 11 ya ba da 33, saura 1, don haka ba yadda za a yi su zo daidai. Shiyyar Katsina da ta Funtuwa na da 11 kowacce, ta Daura 12.

Ai kalkuleta na raba 34 gida 3, ta ba da 11.33?

Ta raba, amma da gutsure. Muddin wata lamba ban da sifili ta biyo bayan ɗigo, ba ta rabu ba.

Yaya za a gane ba tare da doguwar rabawa ba?

Ga 2, 5 da 10, lambar ƙarshe kawai ake dubawa. Ga 4, lambobi biyu na ƙarshe: 1,316 ta rabu domin 16 ta rabu. Ga 3 da 9 kuwa sai a tara lambobin duka. A 738, 7 da 3 da 8 sun ba da 18, ke nan ta rabu da 3 da 9. A nan ɗalibai ke tuntuɓe, su ga 23 ta ƙare da 3 su ce ta rabu, alhali saura 2.

Me ya sa tarawar ke aiki?

Domin 10 ita ce 9 da 1, 100 kuma 99 da 1. Idan aka ware 99 sau 7 da 9 sau 3 daga 738, waɗanda dama sun rabu da 9, abin da ya rage shi ne 7 da 3 da 8.

Lambar da ta rabu da 4 da 6, dole ta rabu da 24?

A'a, 12 ta ƙaryata wannan. Haɗawar na aiki ne idan lambobin biyu ba su yi tarayya a wata lamba mai raba su ba in ban da 1, kamar 2 da 3 da ke tabbatar da 6. Masu rabon gado sun san haka: idan sumunin mata (kashi 1 cikin 8) ya haɗu da sudusin uwa (kashi 1 cikin 6), asalin mas'alar (wato adadin kason da ake raba dukiyar) 24 ne, ba 48 (8 sau 6) ba. Mata ta ɗauki 3, uwa 4.

Sifili fa?

Sifili ta rabu da 5, ko 12, ko 100, domin 5 sau 0 sifili ne. Amma raba 5 da sifili ba shi da amsa, tunda babu lambar da za a ninka da 0 ta ba da 5.